Ranar da Aka Gwada Ɗinkina a Kebbe

Tun da na dawo daga Kebbe ban huta da tambaya ba. Wanda ya kawo gyaran takalmi ba ya tashi sai na ba shi labari, wanda bai kawo komai ba shi ma ya ja buzu ya zauna. Abin da ke ba ni haushi, duk sun riga sun ji daga bakin taubashina Nomau, so kawai suke su ga fuskata ina maimaitawa. To, tun da ajin manya da hukumar En'e ta buɗe ya koya mini riƙe fensir, ga shi na rubuta sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takarda, in bai iya karatu ba ya nemi mai karanta masa.

Sunana Garba, baduku ne ni a kasuwar Tambuwal, a rumfar da ubana ya bari. Ina ɗinka takalma da kube da jakunkuna, amma abin da aka san gidanmu da shi kayan 'yan kokawa ne: layu, da kambun da ake ɗaurawa a damtse, da guru, wato ɗamarar fata mai ciki wadda ake zuba wa magani a ɗaura a ƙugu. Malamai su rubuta, mu mu rufe. Haka muka gada, kuma ba a taɓa kuka da mu ba sai kakar da ta wuce.

A kakar nan ne Labbo, babban ɗan kokawar garinmu, ya kawo mini wani tsohon guru da ya gada wurin kawunsa, ya ce in ƙara masa layu biyu. Na duba fatar na ga ta mutu, ɓera ma ya ɗan taɓa ta. Na ce ya bari in yi masa sabo, ya ce albarkar a cikin tsohon take. Na ɗinka. Ranar wasa, suna tsakiyar kamu da wani baƙo daga Sanyinna sai gurun ya tsinke, layu suka watse. Labbo ya sunkuya yana kallon layunsa, baƙo ya ɗauke shi ya buga da ƙasa. Kafin ya kakkaɓe jikinsa ya riga ya sami mai laifi, ya ce ɗinkin Garba ne ya ci amanarsa.

Fata ce ta yage, ba zare ba, kuma na nuna wa duk wanda ya tsaya dubawa. Amma wa zai tsaya? Mutumin da gari ke alfahari da shi ya faɗi, dole a nemo wanda za a ɗora wa, ni kuwa ba tsawo ba kauri, ɗora mini kaya ba wuya. 'Yan kokawa suka ɗauke ƙafa. Mahauta suka kai kubensu wani wuri. Har 'yan kama suka sa ni a wasansu: ɗaya ya ɗaura igiyar rama a ƙugu, ya yi tari ta faɗi, ya ce ɗinkin Garba. Ni ma na ga abin da ban dariya, amma ban yi ba. Wata biyar ina zaune ina korar ƙuda, takalman roba na kanti kuma suna cinye ɗan abin da ya rage. Na yanke a raina cewa in damina ta faɗi ban ga canji ba, zan rufe rumfar ubana in bi mota zuwa Kurmi, can kudu, in yi dako. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ni da kaina na fara shakkar hannuna. In na gama ɗinki sai in tsaya ina ja ina dubawa kamar wanda ya fara koyo jiya.

Nomau ne ya kawo shawarar Kebbe. Ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, don haka ba ya kirana da suna sai bawansa, kuma duk abin da ya yi mini ba ni da bakin ƙara. Garin taba yake sayarwa kasuwa-kasuwa, amma rabin jarinsa surutu ne. Ya ce mutanen Kebbe sukan yi babbar kokawa a ƙarshen bazara, ta sallama kafin kowa ya shiga gona, kuma labarina bai kai can ba tukuna. Na yi mako uku ina shirya kaya. Tun da na nuni ne, babu rubutu a cikinsu, audugar rimi na cusa don su yi tsayuwa. Guru ɗaya na fi ɓata wa lokaci, na jar fatar akuya. Na bi shi da ɗinki biyu, ina yi ina tuna fuskar Labbo.

Muka ɗaura wa jakin Nomau kaya muka fita bayan sallar asuba. Jabo ba a kan hanyarmu take ba, amma Nomau ya ce ranar kasuwarta ce kuma yana da tsofaffin da ke jiransa, sai muka karkata. Zafin bazara kuwa kun san shi, kafin hantsi rigata ta manne da bayana. Manoma suna ta sharar gona, kowa yana ɗaga kai yana duban gabas. A Jabo Nomau ya baje tabarsa, yana ba tsofaffi ɗanɗano yana ba su labarin da ba a yi ba, ni kuwa na zauna gefe ina gadin jaki.

Nan na sami aikina na farko cikin watanni. Wani Bafillace ya zo da takalminsa da maɗauri ya cire, na gyara masa, ya juya shi ya yaba. Sai ya tambayi daga ina muke. Nomau ya yi caraf ya ce daga Tambuwal. Bafillacen ya ja takalminsa jikinsa, ya ce ya ji akwai wani baduku a can wanda duk wanda ya ɗaura ɗinkinsa sai ya sha ƙasa, Allah ya sa ba ni ba ne. Na ce na san shi, mutumin banza ne, ko gaisawa ba ma yi. Nomau ya ƙware da dariya har taba ta shiga masa hanci. Ni kuwa furar da na saya ranar ban ji daɗinta ba, don na ga labarin nan ya fi jakinmu sauri.

Muka kwana a zauren mai garin wani ƙauye, washegari muka miƙe kudu. Da rana ta take muka isa iyakar ƙasar Tambuwal da ta Kebbe. Ba wata alama sai tsamiya da busasshen rafi, amma ranar an tare hanya da gora. Ɗan doka ɗaya, da malamin asibiti da akwatinsa, suna yi wa matafiya lamba saboda agana. Wanda ke da tabon lamba ya nuna ya wuce, wanda ba shi da shi ya naɗe hannun riga. Ni ina da nawa tun bara. Da na waiwaya sai na ga Nomau, mutumin da ba ya tsoron bakin kowa, ya koma bayan jaki yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Ya ce wa malamin ya yi agana tun yana goye, ya nuna wasu tabon ƙuraje a wuyansa. Malamin ya ce wannan ai cizon sauro ne. Nomau ya ce to shi ba ya sauri, a yi wa na bayansa tukuna. Nan na ga Allah ya kawo mini ranata. Na matsa na rusuna, na ce wa malamin wannan ubangidana ne, ni bawansa ne, bai kamata babban mutum ya tsaya layi da talakawa ba, a fara da shi. Ɗan doka ya ce wannan bawa ya san ladabi, ya kamo Nomau ya zaunar. Ɗan tsagawa ne kawai da ko yaro ba ya yi wa kuka, amma Nomau ya rufe ido ya karanto duk abin da ya sani har da wanda bai sani ba. Muka yi tafiyar zango guda bai yi mini magana ba. Da na san abin da shirunsa ke dafawa, da na bar shi ya bi layi.

Muka shiga Kebbe gab da magariba. Baƙon sana'a gidan 'yan sana'arsa yake sauka, sai muka tambayi gidan babban dukawan garin, wani tsoho mai suna Baba Ango. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ba mu shago a bakin zaure. A Tambuwal in an kawo wa baƙo abinci akan ba shi wuri ya ci a sake. A Kebbe mai gida zama yake a gabanka yana kallon hannunka, matarsa Inna Kulu kuma tana bayan zana tana tambaya ko ka cinye a ƙaro. Gulbi na kusa da su, a bazara ruwa ya ja, kifi ya yi araha, saboda haka komai da kifi. Tuwo da miyar kifi, dambu da kifi, ko kunun safe aka kawo sai an haɗo da busasshen kifi a gefe.

Mu mutanen tudu ba mu iya cin kifi ana kallonmu ba. A kwano na biyu ƙaya ta tsaya mini a wuya. Na haɗiyi lomar tuwo, na sha ruwa, Nomau ya yi ta dukan bayana fiye da yadda ƙaya ke bukata. Inna Kulu ta aika aka kira wani tsohon masunci, Basarke, wai su ke da maganin abin. Ya zo yana tafiya kamar ba shi aka kira ba, ya yi tofi a ruwa ya ba ni, ya shafa maƙogwarona sau uku. Ko tofin ne ko tsoron hannunsa mai kaushi ne, ƙaya dai ta wuce. Yana fita ya ce wa Baba Ango a riƙa cire wa baƙin nan ƙaya kamar yadda ake yi wa yara.

Da safe na kwance kayana a gaban Baba Ango. Ya ɗauki jan gurun ya kai kusa da ido, ya bi ɗinkin da farce, ya ajiye. Daga baya ya ce 'yan kokawar Kebbe suna da dukawansu, amma kasuwa ta Allah ce, in shimfiɗa tabarmata a gefen rumfarsa.

Kasuwar Kebbe a makon kokawa abin kallo ce. Kowa ya fito da abin da ya tara da rani yana so ya rabu da shi kafin ruwa. Masu zanen ƙwarya suna zaune da wutarsu suna ƙona fure a jikin koko kana tsaye. Masaƙa sun rataya gwado, marina sun shanya baƙi, masu tsire suna kiran mutum da sunan da ba nasa ba. Wani gardi ya baje macizansa kusa da mai sayar da ƙwai, suna ta rigima a kan wa ya riga wani zuwa. Akwai kuma wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da garmaho, ya kafa rumfar shayi. In ka sayi shayi ya murza maka waƙa, in ba ka saya ba ya ce ka matsa da kunnenka. Wanzamin da ya fara yi mini aski ya bar ni da rabin kai ya tafi kallon ɗan kama, sai da na bi shi na kamo.

Kowa yana ciniki ban da ni. 'Yan kokawa sukan tsaya su ɗauki kambu su latsa, su tambayi wa ya taɓa ɗaura irinsa ya yi kaye. Me zan ce? In ce Labbo? Su ajiye su wuce. Kwana biyu haka, rana ta uku ita ce ta babban wasa, daga ita sai komawa gida. Na zauna na yi tagumi ina lissafin yadda zan gaya wa iyalina maganar Kurmi. Sai ga Nomau ya tsuguna kusa da ni da fuskar tausayi, wadda da ina cikin hankalina ita ce za ta fara ba ni tsoro.

Ya ce, "Bawana, kaya bisa tabarma gawa na. Ɗaura su ga jikinka ka shiga fili ka zagaya, kowa shi gani. Ba haka aka yi gida ba?"

Haka ake yi a gida kuwa. A Tambuwal in an tashi daga kamu ɗaya kafin a shiga wani, masu goro da masu taba da duk mai abin talla sukan shiga tsakiyar fili su kewaya suna nunawa, ba mai ce musu kanzil. Na ga shawarar ta yi. Bayan la'asar na tuɓe riga, na ɗaura warki, na jera kambu huɗu a kowane damtse, na zuba layu a wuya har suna rufe mini ƙirji, na ɗaure jan gurun a ƙugu. Muka nufi filin, wani rairayi a gefen gulbi. Na lura mutane suna buɗe mini hanya, na ɗauka kyan kayan ne. Ban san Nomau yana bayana yana raɗa wa mutane cewa daga nesa aka ɗauko ni ba, wai kada a dubi ƙanƙantata, garinmu an hana ni kokawa don yawan karya mutane.

An zagaye filin da layin toka. Aka yi kamu uku ina tsaye ina jira. Da aka tashi daga na ukun sai na tsallake toka na shiga, na ɗaga hannuwana sama don a ga kambuna, ina juyawa a hankali ina yi wa jama'a murmushi. Makaɗa suka tsaya cak. Sa'an nan suka sake kiɗa, wani mai nauyi wanda ban taɓa ji ba, mata suka rangaɗa guɗa. Na ce a raina mutanen Kebbe sun san kaya. Ina cikin juyawa idona ya faɗa kan Baba Ango a ɗaya gefen, ya ɗora hannu biyu a ka.

Tsohon ya ratso fili da sandarsa ya kama hannuna. Ya ce, "Ɗana, mi kaka yi nan? Garin ga ba a ƙetare toka da guru sai an zo neman kamu. Kai kau har ka ɗaga hannu, ka ce duk mai ji da kainai shi fito."

Mai ji da kansa ya riga ya fito. Sunansa Tunau, shi ne gwanin Kebbe, shekara da shekaru bayansa bai taɓa ƙasa ba. Wuyansa ya kai cinyata. Na ce wa Baba Ango ya gaya musu kuskure ne, talla nake yi. Ya ce akwai hanyar fita, amma ɗaya ce: in kwance guruna in ajiye a gaban Tunau, ma'ana abin da na ɗaura ba komai ba ne. Makaɗa su ɗauka su rataya a jikin ganga, su yi ta yawo da shi gari-gari suna ba da labarin mai shi. Na waiwaya neman Nomau, na hango shi ya shige bayan wata mai fura, fuskarsa ta nuna shi ma bai zaci abin zai kai nan ba.

Gaba damisa baya siyaki. In na kwance, na faɗa da bakina a gaban Kebbe duka abin da Labbo ya faɗa a Tambuwal, rumfa kuwa ta rufu ke nan. In na tsaya, Tunau ne. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba. Amma da na kai hannu kan ƙullin gurun sai na ji ba zan iya ba. Na ce wa Baba Ango ya koma ya zauna. Ya dube ni, ya ce Allah ya sa na bar wasiyya.

Abin dariya, Tunau ma tsorona yake ji. Maganar Nomau ta kai kunnensa, ga kuma ɗan mutum kamar ni da layu sun fi na kowa yawa, ya tabbata ba banza ba. Ya sunkuya yana kewaya ni, ni ma ina juyawa don kada ya zo ta baya. Gwiwoyina suna kaɗawa, na ji wani a cikin taro yana cewa ku duba, abin nasa ya fara motsi. Tunau ya miƙo hannu ya janye. Ya sake miƙowa ya janye. Muka yi ta zagaye har makaɗa suka fara gajiya.

A cikin zagayen nan na tuna wani abu da na gani a kamun da aka yi kafin in shiga. A wurinmu kama gurun abokin kokawa abin kunya ne, a Kebbe kuwa duk abin da hannu ya samu halas ne. Na ga faɗuwa dai babu makawa, saura in zaɓi ta inda za a ɗauke ni. Da ya matso kusa na yi magana ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji.

Na ce, "Ni ba ɗan kokawa na ba, baduku na. Gurun ga ni naɗ ɗumka shi. An ce kai ad da ƙarfi garin ga. To kama shi, in ka isa ka tsinka."

Ya tsaya ya dube ni daga sama har ƙasa. Na ga tsoron ya fita daga idonsa, haushi ya shiga, don ya gane ya ɓata lokaci yana kewaya baduku a gaban mutanen garinsu. Ya cusa hannu biyu cikin gurun ta baya, sai na ji ƙafafuna sun rabu da ƙasa.

Ya ɗaga ni ya girgiza kamar mai kakkaɓe buhu. Ya sauke ya fizga, ya sake ɗagawa. Da ya ga abin bai saki ba sai ya shiga juyi da ni, nauyina duka a kan gurun, ina ganin rairayi da gulbi da mutane suna wucewa suna dawowa. Kambu biyu suka zame daga hannuna suka tafi cikin taro. Masu tambayata me na ji a lokacin, ba su yarda in na gaya musu. Ban ji kiɗa ba, ban ji ihu ba, ban tuna da iyalina ba, Allah ya yafe mini. Kunnena duka yana ƙuguna, ina sauraron ƙarar nan da zare ke yi in ya fara saki. Na san ta, wata biyar ina jin ta a raina. Ya juya sau uku, wasu sun ce huɗu, ban ji ta ba.

Daga nan ya gaji ya sake ni. Na tafi na sauka a wajen toka, kusa da mai gyaɗa. Filin ya kaure da dariya, har makaɗa suka kasa riƙe makaɗi. Ni kuwa kafin in taɓa haƙarƙarina gurun na fara taɓawa. Na bi shi da yatsa daga ƙulli zuwa ƙulli ina kwance, ko zare ɗaya bai motsa ba. Hawaye suka zubo mini, mutane suka ɗauka zafin faɗuwa ne, na bar su a haka.

Tunau ya zo ya tsaya a kaina yana haki, yana duban tafin hannunsa inda fatar ta yi masa shaida. Ya sa aka kwance gurun ya karɓa, ya taka gefe ɗaya da ƙafa ya ja da hannu biyu, ya sa haƙori. Taro ya zuba masa ido. Ya tambaye ni wane malami ya rubuta abin da ke ciki.

Na ce, "Babu malami. Audugar rimi ta."

Bai yarda ba sai da Baba Ango ya farke ɗaya daga cikin layuna da wuƙa, auduga ta tashi iska ta ɗauka. Tunau ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, mutanen Kebbe suka ce ranar ce farkon ganinsu da ɗuwawunsa a rairayin nan. Ya ɗaga gurun ya nuna wa jama'a, ya ce ya kama na mutane da yawa sun tsinke a hannunsa, wannan ya ƙi. Ya nemi in sayar masa, na ce wannan ba na sayarwa ba ne, amma zan yi masa ɗan'uwansa.

Kwana ukun da muka yi niyya suka zama tara. Wanzamin nan ya yi mini ƙaho a baya, wannan karon bai tafi ko'ina ba don ni ne abin kallon. Ina zaune a ɗuwawu ɗaya a rumfar Baba Ango ina ɗinki, 'yan kokawa suna layi da ƙullin layunsu, fatar da na zo da ita ta ƙare sai da tsohon ya buɗe mini tasa. A rana ta biyu ya matso da buzunsa kusa da nawa yana kallon yadda nake mayar da basilla, wannan kuwa ya fi mini duk yabon da aka yi. Inna Kulu ta riƙa cire mini ƙaya da hannunta. Nomau ya rantse ya maya cewa mantawa ya yi da al'adar toka, amma bai hana shi gaya wa kowa dabararsa ce tun daga gida ba. Tabarsa ta ƙare ƙarƙaf, don duk mai son jin labarin sai ya saya.

Ruwan farko ya same mu a hanya, ni a kan jaki Nomau a ƙasa, don na ce wannan karon bawa ne zai hau. Muka tarar labari ya riga mu isowa Tambuwal, amma rabinsa, na wurgin. Ban damu ba, ina da aikin mutanen Kebbe da zai kai ni kaka, kuma tuni wani mahauci ya dawo da kubensa yana kame-kame wai dama hanya ce ta yi masa nisa.

Da na shiga gida na je gaida mahaifiyata. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma ta yi shekaru tana murza wa ubana zare. Ba ta tambaye ni bayana ba, ba ta tambaye ni abin da na samo ba. Ta ce in ba ta gurun. Ta bi ɗinkin da babban yatsa a hankali har ƙarshe, ta juya ta bi ɗaya gefen, ina durƙushe ina jira.

Ta ce, "Ɗumkin ubanka na wanga." Ta miƙo mini. "Sai dai shi ga wani shika ɗaura shi, ba ga kainai ba."